Dashen Manhaja a Sabon Zubin Linux: Makomar Haruffa Masu Lanƙwasa

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana abin da ke faruwa ga rubutun Hausa yayin da aka tsige manhaja daga wani zubi na Linux aka dasa ta a wani. Za a ɗauki misali daga Maigatari, garin kan iyaka a ƙasar Gumel, inda kasuwar dabbobi ke ci kowace Alhamis, kuma inda aka keɓe yankin ciniki marar haraji.

2.0 Ma'anar Zubi da Dashe

A shekarar 1991 ne Linus Torvalds ya fitar da Linux, wato zuciyar babbar manhajar da ke sarrafa kwamfuta. Sai dai zuciya kaɗai ba ta wadatarwa. Saboda haka ƙungiyoyi sukan haɗa ta da sauran kayan aiki su fitar da zubinsu, kamar Debian (1993) da Ubuntu (2004) da Alpine. Daga cikin kayan nan akwai taskar umarnai ta harshen C, wadda yawancin manhajoji ke dogara da ita wajen kwatanta kalmomi da jera su. Debian da Ubuntu suna amfani da taskar glibc, Alpine kuwa da musl. Aikin mai dashe shi ne ya sake harhaɗa manhajar bisa sabuwar taska, ya kuma tabbatar ɗabi'arta ba ta sauya ba.

3.0 Inda Gizo ke Saƙar

Tun 1991 tsarin Unicode ya ba ɓ da ɗ da ƙ da ƴ lambobi, amma lambobinsu sun zo can bayan na z. A cikin glibc akwai ƙa'idar Hausar Nijeriya mai suna ha_NG, wadda ke ajiye ɓ bayan b, ɗ bayan d, ƙ bayan k, kamar yadda aka saba a ƙamus. Ita kuwa musl lamba kawai take bi. Ke nan manhajar da ta dogara da taskar za ta tura Ɗambatta bayan Zariya idan aka dasa ta a Alpine.

A kan iyaka lamarin ya fi tsanani, domin Nijeriya tana rubuta 'y, Nijar kuwa ƴ. Alal misali, a ce akawu a Maigatari ya rubuta 'yan kasuwa a rajista, takwaransa na Damagaram ya rubuta ƴan kasuwa. Idan lamba aka bi, kalmar farko za ta hau saman jeri, ta biyu ta faɗa ƙarshensa, alhali kalma ɗaya ce. Mai neman ɗaya ba zai ga ɗayar ba.

Ko tsakanin zubi biyu masu glibc ma ba a tsira ba. A 2018 fitowa ta 2.28 ta sauya ƙa'idojin jeri na harsuna da dama, har ya zama wajibi ga masu rumbun bayanai na PostgreSQL su sake gina fihirisarsu bayan ƙaura. In ba haka ba, suna yana iya kasancewa a rumbu amma bincike ya kasa gano shi.

4.0 Kammalawa

Bisa bayanan da suka gabata, dashe bai kammala ba don kawai manhaja ta tashi. Ya kamata a jarraba ta da jerin sunaye masu haruffan lanƙwasa, a daidaita 'y da ƴ wajen bincike, a kuma sake gina fihirisa. Tsara irin wannan jeri na gwaji aiki ne na masanin ƙa'idojin rubutun Hausa, don haka ya dace ɗaliban wannan sashe su sa hannu a cikinsa.