Abin da ya kamata ku sani: sunan harafi daban, sautinsa daban

Idan ka bi ta bayan tagar 'yan aji ɗaya a Zango da hantsi, abin da zai fara dukan kunnenka shi ne "ei, bi, si, di", yara na rerawa kamar za su ɗaga kwanon rufi. Iyaye na jin haka sai su ce Alhamdu lillahi, karatu ya kankama. To amma kira ɗaya daga cikinsu, ka zana masa m shi kaɗai a ƙasa, ka ce mene ne wannan. Sau da yawa sai ka ga ya ɗaga kai sama, leɓɓansa na motsi. Ya koma farko ke nan yana ƙirgowa, ko Allah zai sa ya faɗo a kai. Wannan yaron jeri ya haddace, bai san harafi ba tukuna.

Kowane harafi yana da siffarsa, da sunansa, da sautinsa. Da sautin ake karatu. Sunan kuwa, musamman na Ingilishi, yakan zame wa ɗan Bahaushe tarko. Harafin da Bature ke kira "ei" shi ne namu a na abinci. Wanda yake kira "i" shi ne e na gero, wanda yake kira "ai" kuma shi ne i na ido. Dubi c: an ce wa yaro sunansa "si", alhali a Hausa shi ne farkon cokali da ciyawa. Yaron da aka ɗora a kan "bi" da "ei", ka rubuta masa ba, me kake so ya ce? "Biyei" zai ce, kuma ba shi da laifi, abin da aka ba shi ya haɗa.

Abin haushin shi ne rubutun bokon Hausa mai sauƙin kai ne ƙwarai. Wasula biyar ne, kuma kusan kowane baƙi sauti ɗaya gare shi duk inda ya faɗo, ba kamar Ingilishi ba inda harafi guda kan sauya murya daga kalma zuwa kalma. Hanns Vischer, wanda ake kira Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta Kano a 1909, ya kuma tsara ƙa'idojin rubutun farko. Baƙaƙen nan masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, sun zauna ne a shekarun 1930 ta hannun Rupert East da abokan aikinsa a Zariya, har jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita a 1939. An gina rubutun ne a kan bakin Bahaushe, don haka yaron da ya iya magana ya riga ya yi rabin aikin.

Malaman allo sun daɗe da gane matakin. Ba a fara wa ƙolo da karatu kai tsaye, sai ya yi babbaƙu, yana bin baƙaƙe da tsinke ɗaya bayan ɗaya. Sunayen ma na gida ne, wasu har da kwatanci a cikinsu: ba guje, ha ƙarami, ha mai ruwa, wato mai ɗigo, lam ara, ha kuri. Amma malam ba ya tsayawa a nan. Sai a shiga farfaru, a sa wasali bisa, wasali ƙasa da rufu'a, baƙin ya yi magana: ba, bi, bu. Wannan gadar, daga siffa zuwa sauti, ita ce ake yawan tsallakewa a ajin boko.

Ta kunne ake farawa, tun kafin alli. Uwa na tankaɗe a tsakar gida tana iya cewa, "Musa, zo nan. Ja farkon sunanka, mmm. Me kuma ke farawa haka?" Yaro ya waiga, ya ce masara, ya ce murhu, ya ce mage. Sai ta share ƙasa da tafin hannu, ta zana m da yatsa, ta kama hannunsa ya bi sau uku yana jan sautin. Shi ke nan darasin yau, ko minti goma bai kai ba. Gobe a nemo m a jikin buhu ko kwalin ashana.

Kuma ba dole ne a bi jerin abacada ba. A ganina gara a ɗauki a, n, k, m, domin da waɗannan huɗun kaɗai yaro zai haɗa na, ka, ma, daga nan ya karanta nama, kama, kaka, har jimla sukutum: Mama na kama Nana. Ranar da yaro ya ji magana ta fito daga zanen da ya bi da yatsa, za ka ga dariyar da ba ta ɓoyuwa. Hausa a kan gaɓa take tafiya, shi ya sa ba, be, bi, bo, bu ke da amfani, muddin ba a mai da shi wata waƙar hadda ba. A riƙa hargitsa jerin, a nuna bo kafin ba.

Masu lanƙwasa suna son haƙuri. A nan ƙasar misali ba ya wahala: Daura gari ne, ɗaura kuwa sai zane ko aure. Haka kafa da ƙafa, baki da baƙi, bari da ɓari. A bar yaro ya ji bambancin a maƙoshinsa, sannan a nuna masa ƙugiyar. Mu manya ma da ke watsar da ita a saƙon waya muna da namu kason laifin. Sh da ts kuwa a koyar da su a matsayin sauti ɗaya mai haruffa biyu, kada a raba su.

Idan yaro ya juya b ta koma d, ko ya fara rubutu daga dama, kada a kai masa bulala. Wanda ya yi allo da asuba ya zo boko da hantsi hannu biyu yake koya a rana ɗaya. Haka wanda ya tashi yana jin ana cewa hura ya tarar littafi ya rubuta fura: a gaya masa haka ake rubutawa, ba a ce bakin gidansu ne ya karkace ba. Zango kuma a bakin iyaka take, kuma a Nijar ƴ suke rubutawa inda muke sa 'y, don haka littafin da ya tsallako daga can bai yi kuskure ba.

A 1977 manufar ilimi ta ƙasa ta tanadi a fara koyar da yaro da harshen gida, ko da yake an yi ta kai da komo a kan batun. Daga 2015 shirin RANA, wanda UNICEF ta tallafa wa, ya kai irin wannan koyarwa ta sauti da gaɓa cikin Hausa zuwa wasu makarantun Katsina da Zamfara. Amma gwajin da ya fi kusa da ku a gida yake. Rubuta wa yaro kalmar da bai taɓa gani ba, ko da mara ma'ana ce, kamar nako. Idan ya tsaya ya ja sautin farko, ya jingina shi da wasali, ko da a hankali ne, to ya kama hanya. Idan ya ɗaga kai sama yana motsa leɓe, a share ƙasa a koma kan m.