Zaɓen Kalma A Mujallun Mata Lokacin Rikici: Misali Daga Rikkos, Jos

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa a lokacin tashin hankali, babban nauyin da ke kan editar mujallar mata shi ne zaɓen kalma. An ɗauki unguwar Rikkos a matsayin misali, domin tana cikin unguwannin da rikice-rikicen Jos na 2001 da 2008 da 2010 suka shafa, kuma Hausa ce harshen hulɗa tsakanin Musulmi da Kiristan garin.

2.0 Tushen Matsalar

Bayan kafa ƙungiyar FOMWAN a Minna cikin 1985, ta fitar da mujallar The Muslim Woman. Ɗaya daga cikin jigoginta, Hajiya Bilkisu Yusuf (ta rasu a Mina, 2015), ta riƙe editancin Sunday Triumph daga 1983, sannan New Nigerian a 1987, shekarar rikicin Kafanchan. Sai dai duk da Ingilishi ake buga su, harshen da ke rufa wa edita asiri a wuraren da Hausa kan tona shi.

3.0 Matar da Mijinta ya Rasu

Rikici kan bar mata ba maza, don haka ba makawa mujallar mata ta ambace su. Ingilishi na da kalma guda da ta game kowa. Editar Hausa kuwa kalmomi uku ne a gabanta, kowace da nata kaya. "Bazawara" ta haɗa wadda aka saka da wadda aka mutu aka bari, kuma tana ɗauke da ƙamshin neman wani aure. A ganina rashin tausayi ne a kira matar da aka kashe wa miji jiya da ita. "Mai takaba" ta fi ladabi, amma ta taƙaita ga Musulma, kuma wa'adinta wata huɗu ne da kwana goma, alhali ɗawainiyar marayu ta shekaru ce. "Gwauruwa" ita ce ta Littafi Mai Tsarki, wadda Kiristan Filato ke ji a coci. Mai karatu a Rikkos kan gane ɓangaren marubuci daga gare ta tun bai gama jimla ba.

Haka "baƙo" da "ɗan ƙasa" suke. A Katsina baƙo abin karramawa ne, a Jos kuwa kalmar hukunci ce kan wanda ya cancanci takardar shaidar ƙaramar hukuma. Mafitar da ta rage wa edita ita ce doguwar siffantawa, "matan da suka rasa mazajensu", ko da za ta cinye rabin kanun labari.