Ruwan Wankin Zinariya da Lambunan Bakin Gulbi

Gulbin Sakkwato ya taso daga wajen Funtua, ya ratsa Gusau, ya wuce ta Bungudu, har ya zuba a madatsar Bakolori. Rafuka masu yawa na wannan yanki, har da na ƙasar Tsafe, suna tara ruwan damina su miƙa wa manyan gulabe. Da wannan ruwa ake noman rani, ake shayar da dabbobi, ake kama kifi. Saboda haka duk abin da aka zuba a ƙaramin rafi, ƙarshensa lambun wani ne.

To, ga haƙar zinariya ta bazu a Zamfara. Gwamnatin Tarayya ta hana ta a 2019, ta ɗage hanin a Disamba 2024. Mai haƙa yakan niƙa dutse, ya wanke garin da ruwa, ya kama zinariyar da zaiba. Ruwan wankin nan shi ne abin lura, domin dutsen wasu ramuka yana haɗe da darma.

Mutanen Zamfara sun riga sun ga aikin darma. A 2010, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum irin su Dareta da Abare da 'Yargalma, yara wajen 400 suka rasu. An niƙa dutsen cikin gidaje, ƙurar ta shiga abinci, aka kuma wanke shi a kududdufai. Tun kafin a gane ciwon, agwagi sun fara ƙarewa, ba wanda ya kula. Sai a 2013 aka kwashe gurɓatacciyar ƙasar Bagega.

Wahalar darma ita ce ba ta da launi ko wari cikin ruwa. Ruwa ya yi garau, amma da dafi a ciki. Tafasawa kuwa ba ta fitar da ita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada darma ta wuce miligiram 0.01 a lita ɗaya ta ruwan sha. Watau giram ɗaya tak ya isa ya kai duro 500 ga wannan iyaka. Ido ba ya ganin wannan, sai awo.

Ga yadda ma'aikata ke awon. Sukan ɗebi ruwa cikin kwalabe masu tsabta a wuri uku: sama da inda ruwan wankin ke shiga rafi, daidai mashigarsa, da kuma ƙasa da shi inda ake ban ruwa. A rubuta rana da wuri a jikin kowace kwalba, a kai ɗakin gwaji. In na ƙasa ya fi na sama darma, an san inda ta fito. Sukan ɗebi laka kuma, domin darma tana da nauyi, a laka take kwanciya. In gulbi ya yi ambaliya, lakar nan ce ke zama a fadama, inda za a shuka latas da alayyafo da shinkafa. Don haka awo ɗaya bai isa ba. A yi a farkon damina, a sake da rani sa'ad da ruwa ya ja.

Abin da ya kamata manoma su yi shi ne su haɗa kai, su bi ta hannun dagaci da hakimi da malamin gona, su nemi a auna rafinsu, a kuma karanta musu sakamakon a bainar jama'a. Hukumar NESREA, wadda aka kafa a 2007, aikinta ne tsare dokokin muhalli. Masu wanki su haƙa rami nesa da rafi da rijiya, inda ruwan zai kwanta, kada ya gangara. Kada a gina bulo da lakar wurin, kada a bar yara da dabbobi su shiga. In kaji ko agwagi suka fara mutuwa ba dalili, a kai labari nan da nan.

Zinariya takan ƙare a rami, mai haƙa ya tashi ya nemi wani. Manomi kuwa yana nan da fadamarsa, shi da 'ya'yansa. Rigakafi ya fi magani.