Raƙuman dawa na Kure: daga 49 zuwa sama da 600



Duk wanda ya saba bin hanyar Doso zuwa Yamai, in ya kai wajejen Kure, kamar kilomita 60 kafin shiga birni, wataƙila ya taɓa hango dogayen wuyoyi sun zarce kan itatuwa. To, raƙuman dawa ke nan. Irin nasu mai hasken fata, ba a samunsa a dajin kowace ƙasa sai Nijar. A da suna yawo tun daga Senegal har yankin tafkin Chadi, har da arewacin Najeriya. Farauta da saran daji da farin shekarun 1970 da 1980 suka kusa ƙarar da su. A 1996, guda 49 kacal aka ƙirga. Makiyayi guda ma yana iya fin haka shanu.

Yau sun haura 600. Ku da kuke kiwo kun san wannan ba ƙaramin abu ba ne, don raƙumar dawa sai ta yi wata 15 da ciki, kuma galibi ɗa guda take haifa. In aka kashe mace ɗaya, an yi asarar haihuwar shekaru.

Yaya aka yi? Doka ta hana kashe su, ma'aikatan gandun daji kuma suka sa ido. Amma ni a ganina, babban aikin na mutanen wurin ne. Kure ba gandu ne mai shinge ba. Dabbobin nan a tsakiyar gonakin Zabarmawa da mashekarin Fulani suke kwana suna tashi. Da mutanen ƙauyukan sun so kashe su, ba ma'aikacin da zai iya tsare kowane lungu. Ƙungiyoyi irin su ASGN sun haƙa rijiyoyi, sun ba mata ƙananan basussuka na sana'a, matasa kuma suka sami aikin raka baƙi masu zuwa kallo. Da mutane suka ga dabbar na jawo musu alheri tana raye, sai suka bar ta.

Wani zai ce, to ba za ta cinye wa shanu ciyawa ba? A'a. Raƙumin dawa ba ciyawa ce abincinsa ba. Ganyen sama yake ci, inda saniya ba ta kaiwa, akuya ma ba ta kaiwa. Da damina suna hawa tudu, cikin dajin geza da sabara. In rani ya shigo sai su gangaro kwarin Dallol Boso neman gawo, wanda kun sani shi da rani yake fitar da ganye, lokacin da sauran itatuwa suka bushe. Kun ga ke nan, gawon da ke riƙe raƙumin dawa shi ne ke zubo wa tumakinku 'ya'ya a watan da buhun dusa ya fi tsada. Wanda ya sassabe reshe kaɗan ya bar uwar itacen, badi zai dawo ya samu. Wanda ya kwantar da ita gaba ɗaya, shi da dabbar daji duk sun rasa.

Akwai kuma labarin da ya fi shafar mutanen jihar Maraɗi. A watan Nuwamban 2018 an ɗauko raƙuman dawa 8 daga yankin Kure, aka yi tafiyar sama da kilomita 800 da su a babbar mota zuwa gandun Gadabeji da ke yankin Dakoro, inda aka rabu da ganinsu kusan shekara 50. A 2022 an ƙara kai 4, kuma sun fara haihuwa a can. Hikimar ita ce kada a tara su wuri guda, wata annoba ko fari su share su lokaci ɗaya. Tsofaffin Fulani da Buzayen yankin da suka san dabbar suna yara, yanzu jikokinsu sun gan ta da idonsu.

Ba wai komai lafiya lau ba ne. Manomi da raƙumin dawa ya shiga masa gonar wake ko ya tsinke masa mangwaro yana da hujjar yin fushi, kuma ya kamata a saurare shi. Motocin itacen girki na ci gaba da kwashe dajin tudun zuwa Yamai. Harin da aka kai Kure a watan Agustan 2020, inda aka kashe Faransawa 6 da 'yan Nijar 2, ya tsayar da zuwan baƙi, masu raka su suka rasa abin yi.

Ku direbobi da 'yan kasuwa masu bin wannan hanya da dare, a rage gudu tsakanin Birnin Gaure da Kure, domin suna tsallaka kwalta, kuma mota ta sha kashe su. In wani ya kawo muku fata ko wutsiya ko nama ya ce na raƙumin dawa ne, kada ku saya, kada ku ɗora a mota. Haramtaccen kaya ne, yana iya ja muku kamu a shingen bincike. Makiyayin da ya ga wani ya ɓace shi kaɗai nesa da garkensa, musamman ta wajen iyaka, ya ja dabbobinsa gefe, ya hana yara jifa, sannan ya sanar da mai gari ko ma'aikacin gandun daji mafi kusa.