Na'urar jin waƙa ta aljihu: Shin Bluetooth da Wi-Fi sun cancanci kuɗin da ake zubawa?

A watan Mayun 2022 ne kamfanin Apple ya sanar da daina ƙera iPod, na'urar da ta shafe sama da shekara 20 a aljihun masu son waƙa. Mutane da dama sun ɗauka shi ke nan, wayar salula ta binne duk wata na'urar da ba ta da aiki sai kunna sauti.

Sai dai ba haka abin ya kasance ba. Har yanzu kamfanin Sony na Japan na fitar da sababbin Walkman, sunan da ya faro da shi tun 1979 a zamanin kaset. Akwai kuma Astell&Kern na Koriya ta Kudu, da FiiO da Shanling da HiBy na China. Farashinsu ya kama daga ƙasa da dala 100 zuwa sama da dala 3,000.

Kusan dukkan waɗannan na'urori na zuwa da Bluetooth a yanzu, wasu kuma har da Wi-Fi. Masu talla kan haɗa su biyun su ce na'ura ce da ba ta buƙatar kebul. Amma aikinsu ya sha bamban, kuma wanda bai gane bambancin ba zai iya kashe maƙudan kuɗi a kan abin da ba zai taɓa isa kunnensa ba.

Me ake saye a cikin na'urar?

Waƙa ko karatun da ke cikin memori lambobi ne zalla, shi kuwa kunne ba ya jin lamba. Don haka dole a samu tafinta da zai mayar da lambobin zuwa siginar lantarki mai kaɗa lasifika. Wannan tafinta shi ne ɗan guntun da ake kira DAC.

Bayansa akwai amfilifaya, wadda ke ƙara wa siginar ƙarfi ta yadda za ta iya tura hedfon. Ƙananan iyafis ba sa buƙatar ƙarfi sosai, domin yawancinsu na tsakanin ohm 16 zuwa 32 ne, wato ma'aunin turjiyar da suke yi wa lantarki. Amma babban hedfon irin Sennheiser HD 600 na da ohm 300, kuma akasarin wayoyi ba sa iya ba shi haƙƙinsa.

Waɗannan abubuwa biyu, tafinta da amfilifaya, su ne kan gaba a abin da ke bambanta na'urar da wayar da ke hannunka. Su ne kuma babban dalilin tsadarta.

Abin da ke faruwa idan ka kunna Bluetooth

Da zarar ka haɗa na'urar da iyafis na Bluetooth, ka sallami tafinta da amfilifayar da ka biya kuɗinsu. Na'urar ba ta fassara komai. Matse lambobin kawai take yi ta aika su ta iska, sai ɗan ƙaramin tafintan da ke cikin iyafis ɗin ya yi aikin, da taimakon batirin da bai kai ƙwayar gyaɗa ba.

Hanyar da saƙon ke bi ma ƙunci gare ta. Sauti mai ingancin faifan CD na buƙatar kilobit 1,411 a kowace daƙiƙa. Tsarin SBC, wanda kowace na'urar sauti ta Bluetooth ke da shi, yakan tsaya a wajen 328. AAC da wayoyin iPhone ke amfani da shi na wajen 256. Tsarin aptX na kamfanin Qualcomm na ɗaukar 352, aptX HD kuma 576. LDAC na Sony na kai wa 990 idan hanya ta yi kyau.

Duka waɗannan suna zubar da wani ɓangare na sautin kafin ya shige. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Ko Apple, lokacin da ya fara ba da waƙoƙi marasa ragi a Apple Music a 2021, ya fito fili ya ce AirPods ba sa kawo irin wannan sauti ta Bluetooth.

Akwai sabon tsari mai suna aptX Lossless da ke iya ɗaukar ingancin CD ba ragi, amma sai na'urar da hedfon ɗin duka suna da shi, kuma sai babu cunkoso a iska. Bluetooth na aiki ne a zangon gigahaz 2.4, inda Wi-Fi ma ke zirga-zirga. Shi ya sa a tasha ko kasuwa LDAC kan sauka zuwa 660 ko 330, ko kuma sautin ya riƙa yankewa.

Rukuni uku na na'urorin

Rukuni na farko shi ne na ƙananan na'urori marasa Android, irin Shanling M0 Pro, wadda girmanta bai wuce kwalin ashana da yawa ba, kuma ta shiga kasuwa a kan kusan dala 130. Tana da Bluetooth amma ba ta da Wi-Fi. Ka zuba waƙoƙi a katin memori, ka saƙala kebul, shi ke nan. Babu saƙon WhatsApp da zai katse maka sauraro.

Na biyu su ne masu Android, waɗanda suke kamar waya marar layi. Sony NW-A306 da ta fito a 2023 a kan kusan dala 350 na da ma'adana mai gigabait 32, kuma kamfanin ya ce batirinta na iya kai wa awa 36. Tana da sauƙin ɗauka, amma ƙarfinta ya fi dacewa da iyafis. Yayarta NW-ZX707, wadda ta shiga kasuwa a kan kusan dala 900, na da ƙarin ƙofa ta milimita 4.4 da ke ba da ƙarfin da ya fi na ƙofar 3.5 da aka saba da ita.

Na uku su ne na ƙasaita. Sony NW-WM1ZM2 an ƙera jikinta da tagulla aka shafe da zinare, nauyinta ya kusa rabin kilo, ta kuma shiga kasuwa a kan kusan dala 3,700.

Idan aka sa kebul da hedfon mai kyau, akwai bambanci a tsakanin waɗannan rukunai, musamman wajen ƙarfi da tsabtar sauti. Amma a haɗa ta dala 130 da ta dala 3,700 da hedfon ɗin Bluetooth iri ɗaya, a kan tsarin LDAC iri ɗaya, ba tare da an taɓa saitin sauti ba. Abin da zai isa kunne kusan ɗaya ne, domin tafinta ɗaya ne ke aikin. Hasali ma, Android ta shigar da LDAC cikin manhajarta tun 2017, don haka wayoyi da yawa za su yi wannan aiki ba tare da ƙarin ko sisi ba.

Wi-Fi daban yake

Bluetooth ƙofar fita ce, shi kuwa Wi-Fi ƙofar shiga ce. Aikinsa shi ne kawo waƙa daga intanet zuwa cikin na'urar, kuma hanyarsa na da faɗin da zai ɗauki sautin gaba ɗaya ba tare da ragi ba. Daga nan tafintan na'urar ya karɓa, ya miƙa wa kebul. Saboda haka Wi-Fi ba ya rage inganci.

Inda yake cizo shi ne aljihu. Sauraron awa ɗaya na MP3 mai kilobit 128 na cin kusan megabait 58. Awa ɗaya na sautin CD da ba a matse ba na cin kusan megabait 635, idan kuma tsarin FLAC ne, wanda ke rage girma ba tare da zubar da komai ba, zai ci kamar rabi ko sama da haka. Ga mai sauraron awa biyu kullum, wannan na iya kai wa gigabait 20 a wata.

A Najeriya, inda hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data a watan Janairun 2025, wannan ba ƙaramin lissafi ba ne. Ga shi kuma yawancin na'urorin ba sa ɗaukar layi, sai dai ka kunna musu data daga wayarka, batir biyu na ƙonewa lokaci guda. Dabarar ita ce a sauke waƙoƙin sau ɗaya a inda Wi-Fi ke da araha, a adana su a memori, sannan a kashe shi.

Sai kuma batun tsufa. Na'ura mai Android na dogaro ne da sabuntawar kamfani, kuma wata rana manhajojin waƙa za su daina aiki a kan tsohuwar Android. Wadda ba ta dogara da intanet ba za ta ci gaba da aiki muddin batirinta na ɗaukar caji.

Me ka zuba a ciki?

Akwai tambayar da ta riga duk waɗannan. Yawancin waƙoƙin da ke yawo a wayoyinmu sun zo ne daga masu tura waƙa a kasuwa, ko ta Xender da WhatsApp, kuma MP3 ne da aka riga aka matse. Abin da aka zubar wajen matsewa ba ya dawowa, ko da an sauya fayil ɗin zuwa FLAC.

Haka abin yake ga tsofaffin waƙoƙin Mamman Shata ko Ɗan Maraya Jos da aka kwafo daga kaset. Na'ura mai tsada ba za ta goge shuuu ɗin kaset ba, sai ma ta ƙara fito da shi. Darajar irin waɗannan waƙoƙi na cikin baitinsu da kiɗansu ne, kuma kowace na'ura mai lafiya za ta isar da su.

To, wa ya kamata ya sayi me?

Bluetooth ba abin banza ba ne. A cikin A Daidaita Sahu, ko wajen motsa jiki, ko kusa da janareta, hayaniya ta riga ta danne ƙananan bayanan da kebul ke kawowa. A irin wannan yanayi hedfon ɗin Bluetooth mai rage hayaniya zai fi amfani. Amma mai wannan buƙata wayarsa ta ishe shi, gara ya sa kuɗin a hedfon.

Wanda ke son ingancin kebul da kuɗi kaɗan, ya fara duba wayarsa. Tun da Apple ya cire ƙofar iyafis daga iPhone 7 a 2016 manyan wayoyi suka bi sahu, amma da yawa daga cikin Tecno da Infinix da itel na da ita har yanzu. Idan babu, akwai ɗan gajeren kebul mai tafinta a ciki da ake saƙalawa a wurin caji. Na Apple dala 9 ne a Amurka, kuma ya wadatar ga yawancin iyafis.

Na'ura ta musamman ta dace da mai hedfon na kebul mai kyau, mai tarin waƙoƙi masu inganci, wanda kuma ke samun wuri shiru ya zauna ya saurara. Ta kuma dace da mai son ya bar wa waya batirinta saboda rashin wuta. Irin wannan mutum ya ɗauki Bluetooth a matsayin gyara, kada ya biya ƙarin kuɗi dominsa. Wi-Fi kuwa sai idan yana biyan kuɗin wata manhajar waƙa mai ba da sauti marar ragi.

Kafin ka biya, je da hedfon ɗinka da waƙar da ka sani ciki da bai. Saurara ta kebul, saurara ta Bluetooth, a ƙarar murya ɗaya, domin kunne kan ɗauki abin da ya fi ƙara a matsayin wanda ya fi daɗi. Idan ba ka ji bambanci ba, riƙe kuɗinka.

Ko wacce ka zaɓa, kula da ƙarar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da matasa biliyan ɗaya na cikin haɗarin rasa ji saboda sauraro da ƙara, kuma ta ba manya shawarar kada su wuce desibel 80 na tsawon awa 40 a mako. Ana sauya na'ura, ana sauya kebul, amma jin da ƙara ta lalata ba ya dawowa.