Me Ya Sa Sunayen Mata Ba Su da Yawa a Jerin Masu Aiki?

Duk lokacin da aka liƙa sunayen waɗanda aka ɗauka aiki a nan Minawao, ko dashen itatuwa ko tsaftar unguwa, iyayenmu mata kan zo ofishinmu su tambaya: ina namu?

Ba ƙarfi suka rasa ba, lokaci suka rasa. Sa'ad da maza ke layin rubuta suna da safe, mace tana layin famfo, ko ta kai yaro asibiti, ko tana jinyar tsohuwa. In itace ta tafi nema kuwa, sai la'asar. Wadda mijinta ya rasu ko ya ɓace wajen gudu, duk wannan a kanta yake, ga neman kuɗin cefane.

Ku sani, mace na da ikon rubuta sunanta da kanta, ko da sunan maigida ne a katin iyali. Maƙwabta, ku riƙe wa juna yara ranar rajista. Maza, ɗebo jarka biyu da asuba ba abin kunya ba ne.

Ba a biyan ko dala don samun aiki. Wanda ya nemi kuɗi, ko ya neme ki da lalata, zo ki faɗa mana. A asirce za mu saurare ki.