Shaye-shayen 'Yan Mata a Tambuwal da Kebbe: Ciwon da Ake Ɓoyewa

A yankunan da shari'a ta haramta giya, kamar jihar Sakkwato, shaye-shayen 'yan mata yakan karkata ga maganin tari mai kodin, domin ba ya tona asirin mai shansa da wari. Gwamnatin Tarayya ta hana sarrafa shi a 2018. Binciken UNODC na shekarar ya nuna cewa a Nijeriya kashi ɗaya cikin huɗu na masu shaye-shaye mata ne, amma a wuraren jinya ɗaya ce cikin ashirin. Tsoron kada yarinya ta rasa mijin aure kan sa iyaye su yi shiru. Ga mutanen Tambuwal da Kebbe kuwa, asibitin ƙwaƙwalwa na Kware ya yi nisa. Don haka ya kamata a horar da ma'aikatan lafiya mata a asibitocin yankin, su riƙa duba 'yan matan cikin sirri.